Ƙofar da Haladu Ya Buɗe wa Ruwa

"Ayuba dai bai fasa jinga ba," in ji Asabe. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar wake.

"Wa ya kawo maganar jinga?" Haladu ya ce. "Ina maganar Nassi, kina maganar laka."

"Ai lakar ce ta kai ka ga Nassin, Malam."

Ya rufe Littafi Mai Tsarki a kan yatsansa don kada shafin ya ɓace masa, ya dube ta ta saman tabarau. Shekara talatin da ɗaya suna tare, har yau bai gano yadda take yi ba. Sai ta soka maka magana inda ya fi ciwo, hannunta kuwa yana can yana aikinsa kamar ba ita ba.

Hantsin Jumma'a ne. Yana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, littafin rubutu irin na 'yan makaranta a gwiwarsa, ya riga ya cika shafi biyu. Jibi Lahadi shi zai yi wa'azi. Fasto yana garin Malam Madori, ruwa ya yanke hanya, ko babur ba ya wucewa, sai ya bugo waya ya ce dattijo Haladu ya riƙe sujada. Majami'ar tasu ba wata babba ba ce. Gida tara ne a Unguwar Ɗinya, sauran gari duk Musulmi, kuma a cikin gida taran nan bakwai ambaliyar bana ta shiga gonarsu. Mutane za su zo da kunne a buɗe. Suna son a gaya musu wa ya yi musu haka.

"Saurara ki ji," ya ce, ya buɗe shafin. "Ba ni na rubuta ba. Ga shi ta bakin annabi Ishaya. Ubangiji da kansa ya ce shi ya yi haske, shi ya yi duhu, shi ke kawo zaman lafiya, shi kuma ke kawo masifa. Bai ce Shaiɗan ba. Bai ce wane ba. Ya ce shi. To ni wane ne da zan ce ba shi ba?"

"Na ji."

"Ayuba kuma, da aka kwashe masa komai rana ɗaya, bai tsaya neman wanda ya kora shanun ba. Ya ce wanda ya bayar shi ya karɓa."

"Shi ya sa na ce maka bai fasa jinga ba." Ta hure ƙaiƙayi daga faifai. "Da shi ya bar ƙofar garke a buɗe, da wata maganar zai yi."

Haladu ya mayar da ido kan shafin.

Maganar ba doguwa ba ce. Gonakin shinkafar garin suna kwance a fadama, tsakaninsu da kogi sai jinga, doguwar ganuwar ƙasa da gari ya haɗu ya tara. Duk shekara mai unguwa kan sa a yi shela, kada wanda ya taɓa ta. A tsakiyar damina sama ta ɗauke ƙafa kwana goma sha uku. Kogi kuwa cike yake fal da ruwan da ke gangarowa daga yamma, yana wucewa ta bayan jinga, shinkafa a gabanta tana naɗe ganye don ƙishi. Haladu ya yi kwana uku yana kallon ruwa a hagunsa, yana kallon gona a damansa. A na huɗu ya ɗauki fartanya. Kamu biyu kawai ya buɗe. Ruwa ya shiga wuni guda, shinkafa ta farfaɗo. Da ya zo rufewa, yana sunkuyawa bayansa ya riƙe, irin riƙewar da ke hana mutum ko tari. Sai ya cusa damin kacalla a ramin, ciyawar nan mai tsayi da ta cinye bakin kogi, ya lafta laka a kai, ya ce gobe zai dawo da buhunan yashi ya yi aikin kirki. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata. Sau biyu Asabe ta tuna masa tana shafa masa man zafi, sau biyu ya ce mata laka ta riga ta kama.

Ran Litinin kogi ya ƙara tashi. A yammacin gari ya haye jinga da ƙarfinsa, wannan babu hannun kowa. A gabas kuwa, inda jinga ta fi kauri, wuri ɗaya kawai ta ɓalle. Gonar Haladu tana kan ɗan tudu, ruwan ya ci gefenta ya gangara kwari. A kwarin gonar Bakari take. Shinkafar ta yi ciki, saura kaɗan ta fitar da kai. Ko dami ɗaya bai tsira ba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan karon wani tsuntsun ya doka.

Bakari abokinsa ne tun suna yara, tun suna tsallaka gulbi da wando a ka. Kakanninsa makiyaya ne, shi kuwa shanun noma biyu suka rage masa, don haka Haladu ke ce masa Ardo mai saniya biyu. Shi kuma yana ce masa Limamin Lahadi, ko Liman a taƙaice. Shekarar da suka yi wa majami'a rufi, amalanken Bakari ce ta kwaso kwanon daga bakin titi. Da aka yi masa surutu a majalisa sai ya ce amalanke ba ta da addini, shanun kuma bai tambaye su ba.

Shi ne ran Laraba ya yi sallama a zauren Haladu, laka har gwiwa, ya zo yi masa jaje. Shi da ya rasa duka, ya zo wa wanda ya rasa gefe.

"Sai haƙuri, Liman," ya ce. "Daga Allah ne."

"Haka ne," in ji Haladu.

Asabe tana bayan zana, ta kawo musu ruwa. Ta ji. Tun daga ranar nan "haka ne" ta zauna a gidan kamar baƙuwar da ba a san ranar tafiyarta ba.

"Me kike so in ce masa?" yanzu Haladu ya ce. "Mutum ya zo jaje. Haka ake amsawa. Kowa haka yake amsawa."

"Kowa bai san abin da ka sani ba."

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Asabe."

"Naka dai ko tuwon ya daina karɓa. Jiya loma uku ka yi."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya rage murya, ko da yake babu kowa a gidan sai su da kaji.

"Ke ba ki duba abin da nake dubawa. Gida tara ne mu. In aka ce dattijon majami'a ne ya fasa jinga, ba Haladu za a ce ba, mu za a ce. Na yamma ma da ruwa ya haye da kansa, sai a ɗora mana."

"Ban ce ka hau kasuwa ka yi shela ba. Na ce Bakari."

"Bakarin ne ai." Ya dubi ƙasa. "In na gaya masa, shi ke nan. Shekara hamsin."

Wannan ce gaskiyar, kuma su biyun sun sani. Maganar gari ƙari ce kawai. Abin da ke hana shi tuwo shi ne fuskar Bakari, yadda za ta koma in ya ji.

Asabe ta ajiye faifan. Ta matso da kujerarta 'yar tsugunno har gwiwarta ta kusa taɓa tabarmarsa. Ba ta iya karatu sosai ba, haɗa baƙi take yi da ƙyar, amma shekarun da ta yi a zumuntar mata sun cika mata kai da ayoyi, kuma ba ta mantuwa.

"Akwai wani wuri a baya-baya," ta ce, "cikin wasiƙar Yakubu. Inda ya ce in an jarabci mutum kada ya ce Allah ne ya jarabce shi. Son zuciyarsa ne ya ja shi. Kai ka koya mana, shekarar da Tasi'u ya sayar da akuyar uwarsa ya ce tsautsayi ne."

"Wannan maganar zunubi ce. Ni maganar masifa nake yi. Kalma biyu ne daban. Zunubi na mutum ne, masifa kuwa..."

"To sakaci fa? A wane ɓangaren yake?"

"Ni na ta da kogi? Ni na hana sama ruwa kwana goma sha uku? Ni na riƙe bayana?" Muryarsa ta hau, har kaza ta tsorata. "Da an yi ruwa ran da ya kamata, da fartanyata tana rataye. Da kogin bai tashi ba, da kacallar nan ta kai kaka lafiya. Abu huɗu suka haɗu, ɗaya ne nawa. Sauran ukun na wa?"

Ya ga alamar tambayar ta shige ta, sai ya ji wani ɗan daɗi marar kyau.

"Ban sani ba," ta ce. "Ukun nan ban san su ba. Ɗayan na sani, don ni na wanke wandon da ya sha laka."

Ya so ya yi dariya, bai yi ba.

"Ban ce ayarka ƙarya ba ce, Malam. Na ce ba taka ba ce wannan makon. Matar Auta tana iya karanta ta, ita da ruwa ya haye mata gonarta ta yamma tana kallo. Kai kuwa in ka hau can ka karanta ta, ba karatu kake yi ba, mayafi kake nema."

Ta ɗauki faifan, ta sake ajiyewa. Da ta ci gaba, ba shi take kallo ba, bangon ɗakin da ke kusa da rumbu take kallo.

"Ran da 'yarmu Rahila ta rasu, a ɗakin can, na ce maka Allah mugu ne. Ka tuna? Na faɗa da bakina. Yarinya 'yar shekara huɗu, ƙyanda ta rufe mata ido, tana kirana ba ta ganina. Ka riƙe hannuna ka ce, ban san dalili ba, Asabe, amma ba ya mugunta. Ba ka buɗe littafi ba ranar. Haka kawai ka faɗa. Shekara ashirin da biyu ina tafiya a kan maganar nan kamar gada. Yanzu don kamu biyu na laka za ka tsaya gaban mutane ka ɗora masa abin da hannunka ya yi. In ya ɗauki naka, to na wa kuma aka ɗora masa ban sani ba? In ka rushe min gadar nan, ina zan taka?"

Haladu ya dubi shafi biyun da ya cika. Rubutunsa mai kyau ne, a tsaye, tun na firamare. Ya rufe littafin.

"Wake zai ƙone," ya ce.

"Ban ɗora ba tukuna."

Bayan an sauko daga masallaci ya fita. Ya tsaya a gindin tsamiyar bakin hanya har ya hango Bakari cikin jama'a, da farar rigarsa da ta sha shuni, da hularsa a karkace. Ya shirya maganar tun daga gida, ya san ta inda zai fara. Amma Bakari bai zo shi kaɗai ba, mutum huɗu ne a bayansa, ciki har da ƙanen mai unguwa.

"A'a, Liman! Ka makara, an idar. Da ka zo da wuri da mun sa ka a sahun baya."

Aka yi dariya. Haladu ma ya yi.

"Na zo ne in ga ko Ardo ya iya alwala," ya ce.

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Iska nake sha."

"Gobe da safe zan ari kwalekwalen Sunusi in leƙa gonar, ko zan sami abin da zan yanko wa shanu. In bayanka ya yarda, zo ka raka ni. Ka san ni da ruwa."

"Allah ya kai mu," in ji Haladu. Ya koma gida ta doguwar hanya.

Asabe ba ta tambaye shi ba. Ta dubi tafiyarsa tun daga zaure ta gane. Ya tarar ta zuba gawayi a dutsen guga, ta shimfiɗa babbar rigarsa ta Lahadi a kan tabarma.

"Na ɗauka ba za ki goge ba," ya ce.

"Riga ba ta yi laifi ba."

Ya zauna kusa da ita yana kallon yadda take bin aikin wuyan a hankali, tana hura gawayin, tana gwada zafin da yawu a yatsa. Ya lura hannunta ya fara rawa kaɗan in ta ɗaga dutsen. Bai san yaushe hakan ya fara ba. Ya karɓa ya riƙe mata yayin da take juya rigar, ta bar shi.

"In ya daina yi min magana fa?" ya ce.

"Sai ka riƙa gaishe shi har ya gaji."

"In bai gaji ba?"

"Bakari ne fa. Mutumin da ba ya iya yin shiru ko a gidan makoki."

Washegari da hantsi suka tura kwalekwale daga bayan gari. Inda ake bi da ƙafa a da, yanzu ruwa ne shimfiɗe har iyakar gani, ja-ja, yana tafiya a hankali kamar ba shi ya yi ɓarnar ba. Kan itatuwan gawo ne kawai ke nuna inda iyakar gonaki take. Balbelu sun jeru a kan abin da ya rage na jinga. Bakari ne ke tuƙi da doguwar gora, yana tsaye a baya, ƙafafunsa a warwatse, kwalekwalen yana tafiya kamar mai maye.

"Ardo, hagu. Hagu na ce. Wannan ba saniya ba ce."

"Da saniya ce da tuni mun isa. Ita tana jin magana."

"Ba ni gorar."

"Zauna, tsoho. In bayanka ya riƙe a nan, wa zai ɗauke ka? Uwargida ta ce in dawo mata da kai yadda na karɓa."

Suka ratsa ta cikin kacalla, ganyen yana shafar fuskarsu. Da suka fito fili sai ga gonar. Babu abin gani. Ruwa ne, sai tsinin ganyen shinkafa nan da can, ya yi rawaya, yana kwance yana bin igiyar ruwa. Bakari ya sa hannu ya tumɓuko tushe ɗaya, ya matsa cikin da babban yatsa. Wani farin ruwa ya fito, mai wari.

"Ka gani? Ta ɗauki ciki sosai. Bana na ce matata Zaituna za ta huta da awo." Ya yar da shi. "Ko shanu ba za su ci wannan ba."

Ya tura su gaba har bakin ɓarakar. Kamu biyun nan ya zama faɗin ɗaki uku. Ruwa yana shiga ta nan har yanzu, ba da ƙarfi ba. Bakari ya kafa gora a laka ya tsayar da su.

"Abin da ke ba ni mamaki," ya ce, "nan ne ya fi ko'ina kauri. Ni da kai muka tara ƙasar nan. Ikon Allah, in ya tashi..."

"Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na buɗe ta." Haladu yana kallon ƙasan kwalekwalen, inda ɗan ruwa ke kai da komowa tsakanin ƙafafunsa. "Lokacin farin nan. Kamu biyu. Na shayar da gonata wuni guda. Da zan rufe bayana ya riƙe, na cusa kacalla na shafe da laka. Na ce zan dawo da buhu. Ban dawo ba."

Ya ci gaba, bai ɗago kai ba.

"Ran Laraba ka ce daga Allah ne, na ce haka ne. Ƙarya na yi maka a zaurena, kana shan ruwana."

Wani kifi ya yi tsalle a bakin ɓarakar. Haladu ya ɗago ido a ƙarshe, ya ga fuskar da yake tsoro. Ba fushi ba ne a cikinta. Kamar dai an tashe mutum daga barci ne, bai gane ɗakin ba.

"Kacalla," in ji Bakari.

"Kacalla."

"Kai Haladu. Kai da ka koya min ɗaurin buhu. Ka tare kogin Haɗeja da ciyawa."

Rabon da ya kira shi da sunansa tun rasuwar Rahila.

"Kwana nawa tsakani?"

"Sha shida."

"Kwana goma sha shida. Kullum muna haɗuwa. Ko ka ce, Bakari, zo ka kama min buhu goma. Ina da hannu. Ina da amalanke. Me ka ɗauke ni?"

"Kunya na ji. An yi shela."

"Kunya!" Ya zare gorar ya sake kafa ta da ƙarfi, kwalekwalen ya yi tangaɗi, su biyun suka kama gefe. "Ka ji kunyar buhu goma, ba ka ji kunyar abincin shekara ba."

Haladu bai kare kansa ba. Abu ukun nan da ya lissafa wa Asabe, sama da kogi da baya, suna nan a bakinsa, ya ji su. Ya haɗiye.

Bakari ya zauna a kan katakon baya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Kansa ya yi fari fat, Haladu bai taɓa lura ya kai haka ba.

"Ka san abin da ka yi min yanzu?" ya ce. Muryar ta sauka. "Tun Litinin nake barci lafiya. Na ce wanda ya ba ni ya karɓi abinsa, ba ni da ta cewa. Haƙuri da Allah ba wuya, tunda ba ka ganinsa a kasuwa. Yanzu ka karɓe min wannan, ka ba ni kanka. Kai kuwa kullum sai na gan ka, da wannan tabarau naka mai ɗaurin zare."

"In ka ce in tafi gun mai unguwa, zan tafi."

"Rufe min baki. Ban gama jin haushi ba, kana kawo min mai unguwa."

Haladu ya rufe.

"Asabe ce ta turo ka," in ji Bakari.

"Ita ce."

"Na sani. Kai kaɗai da sai kaka ta wuce." Ya share fuska da hular. "Matar nan ta fi ƙarfinka tun ran da aka kawo ta. Da ita aka ba limancin."

"Haka ne."

"Wannan karon ka faɗi gaskiya."

Wani abu ya motsa a gefen bakin Bakari, bai kai murmushi ba. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke shiga ta ɓarakar.

"Ban ce na yafe ba," ya ce. "Kada ka je ka gaya mata na yafe. Sai na kwana da shi tukuna, wataƙila kwana da yawa. In ruwa ya janye, wake zan zuba a danshin nan, kuma kai za ka yi min huɗa, da bayanka da komai. In ya riƙe, in kwantar da kai a kunya in ci gaba."

"Na yarda."

"Ba tambayarka na yi ba."

Ya miƙe zai zare gora, sai ya tsaya da ita a hannu. Ya dubi ɓarakar, ya dubi kwarin, ya sake duban ɓarakar, kamar mai auna wani abu da ido.

"Tsaya. Ka ce yaushe ka buɗe?"

"Kwana huɗu bayan shinkafa ta fara naɗewa. Ran wata Asabar."

"Toshiyar taka kuma tana yoyo."

"Wataƙila. Kacalla ce."

"Ba wataƙila ba." Ya koma ya zauna. "Ran Lahadin nan na zo da sassafe, na tarar da ruwa kwance a gonata. Ba a yi ko yayyafi ba. Na kewaya, gonar Auta a bushe, ta Tasi'u a bushe har ta tsage, tawa kuwa ruwa har idon sawu. Washegari haka. Kullum haka, har aka dawo da ruwan sama. Na ce ƙasa ce ta tsattsafo min. Na ce Allah ya dubi Bakari." Ya girgiza kai. "Na yi sujada a kan jingar can, goshina a laka. Na sa Zaituna ta dama fura ƙwarya biyu aka raba sadaka. Har gidanka aka kai."

Haladu ya tuna furar. Ta sha nono, ya ma ce a ƙara masa.

"Da ba don ruwan nan ba, da tun a farin ta mutu, ba ta kai ga ɗaukar ciki ba. Sati biyu yana rayar min da ita. Rana ɗaya ya kashe ta. Ta ƙofa ɗaya suka shigo, kai ka buɗe ta. Na biyun ka ce naka ne, na ji, na karɓa." Ya juyo ya dube shi sosai, ba da wasa ba, ba kuma da faɗa ba. "To na farkon fa, Liman? Godiyar da na kai can, in je in karɓo ta in kawo maka?"